Kurar Ruwan Baba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Karmo nake rubutowa, kan abin da ban gaya wa kowa ba.

Da zazzaɓi ya kwantar da Inna, ni na kai ta asibitin gwamnati saboda araha. Tana barci a kafaɗata nas ta kira sunanta. Kunyar amsawa cikin maza ta kama ni, na yi shiru har aka tashi. Na ce wa Baba babu likita. Ya sayar da kurar ruwansa ya kai ta asibitin kuɗi, nan take aka duba ta, ta warke.

Yanzu dako yake yi, yana ta cewa, "Na gwamnati sai mai hanya." Yau in ya dawo zan gaya masa gaskiya. Masu sauraro, ku taya ni addu'a.