Ranar da Kaka Ta Manta

’Yan’uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya tara mu yau da rai da lafiya.

Sunana Lidiya. A Tsibiri aka haife ni, cikin gidan masu bi, yanzu kuma muna zaune nan unguwar Zariya. Tun ina goye ake kawo ni majami’a. Wanda ya gan ni a ƙungiyar mawaƙa zai ce ba ni da damuwa, alhali na yi shekaru ina fama da ciwon da ban faɗa wa kowa ba. Ban tabbata an sake haihuwata ba.

A gidanmu kowa ya san labarin Kaka. Tana budurwa, ta ɗebo ruwa a rijiya, sai ta ji wani mai wa’azi a gindin bishiya. Maganar ta shige ta har tulun ya suɓuce daga kanta ya fashe, ta durƙusa cikin laka tana kuka. Da wannan labarin aka raine mu.

Ni kuwa ba ni da tulu, ba ni da rana.

Ni mai son karatun littattafan soyayya ce, irin na bakin kasuwa. A cikinsu, in masoyi ya iso, zuciya takan buga, wani sanyi ya ratsa jiki, duniya ta yi tsit. Haka na ɗauka Yesu zai zo mini. Duk taron farkawa da aka yi, in an ce mai son ba da ransa ya fito, ina cikin na farko. In durƙusa, in rufe ido, in jira. Ta kusa da ni tana kuka, ni ba abin da nake ji sai zafin siminti a gwiwata.

Wayyo, ’yan’uwa, na yi begensa! Kamar wadda ta yi kwalliya ta tsaya a ƙofar gida, kowane kabu-kabu ya karyo kwana ta ce nata ne, ya wuce.

Da aka buɗe ajin baftisma na shiga. Pasto ya ce kowa ya shirya faɗin yadda ya sadu da Ubangiji. A ranar na daina zuwa. Na bar waƙa, abinci ya fita raina, na rame. Na gaya wa kaina cewa ya zaɓi wasu, ni ya tsallake ni. Inna ta zaunar da ni ta ce, “Ke Lidiya, wane ne yaron? Faɗa mini, ba zan gaya wa babanki ba.” Na yi dariya hawaye na zuba, don ban san yadda zan ce mata Allah nake jira ba.

Wata safiya na hau mota zuwa Jiratawa, inda Kaka ke zaune wurin kawuna. Ina son in ji daga bakinta abin da ta ji a ranar nan, ko zan gane inda na kuskure. An ce mini tsufa ya fara taɓa hankalinta, amma ban san ya kai haka ba.

Na same ta a inuwa tana tsinkar zogale a faifai. Ta dube ni ta ce, “Ƙawata, daga ina?” Ba ta gane ni ba.

Na ce, “Kaka, ba ni labarin ranar da kika karɓi Yesu. Ranar da tulu ya fashe.”

Ta ce, “Wane tulu? Ke kika hwasa mini shi?”

Na yi ta tuna mata rijiyar da bishiyar da mai wa’azin. Sai kallona take yi, tana murmushi. Babu ko ɗaya da ya rage a ƙwaƙwalwarta. Na ce, “To Kaka, in kin manta ranar, ta yaya kika san ke tasa ce?”

Ta ce, “Ni hwa na mance, ƙawata. Ko sunanki ban riƙe ba. Shi dai bai mance ni ba. Riƙe mini faifan ga, in gaishe shi.”

Ta rufe ido ta soma addu’a. Tana magana da shi kamar yana zaune kan tabarmar tare da mu. Ta gode masa don zogale, don inuwa, ta kuma ce ya sa wa baƙuwar nan albarka, ya san ko ɗiyar wa ce.

A nan na sunkuyar da kai, faifai a cinyata. Na ce, “Yesu, na gaji da sauraren zuciyata. Kai ka mutu domina, ka tashi, ko na ji wani abu ko ban ji ba. Ga ni. Ka riƙe ni.”

Ba abin da ya girgiza. Kaji suna ta tonon ƙasa, Kaka ta karɓi faifanta. Amma da rana aka kawo dambu, na ci har na nemi ƙari.

Na koma wurin Pasto na faɗa masa komai. Ya ce, “Ɗiyata, zuciyar da ba a rayar ba, ba ta begen Allah haka. Wa kike tsammani ya sa miki wannan ƙishin?” An yi mini baftisma tare da ’yan ajinmu. Halleluya!

Har yau ina begensa, ba zan ɓoye muku ba. Wani lokaci ina tsakiyar waƙa sai in ji kamar in miƙa hannu in taɓa gefen rigarsa. Sai dai yanzu ba tsoro a ciki. Na san wata rana zan ga fuskarsa.

Na gode wa Ubangiji da ya cece ni. Kai ɗan’uwa, ke ’yar’uwa da kike zaune kina cewa kowa yana da labari ban da ke, kada ki koma gida da wannan nauyin. Ki dogara gare shi yau, a yadda kike. Ya san ko ɗiyar wa ce ke. Amin.