Taku Ukun Sarki

Shugabar taro, Uwargida Harriet Loxley, dattawan wannan gidan wasan kwaikwayo namu, malaman jami'a, 'yan wasa, tsofaffi da sababbi, jama'ar da ta keto ruwan sama ta zo: ina gaishe ku gaisuwar girma.

Na gode da kuka halarci ƙaddamar da littafina kan tarihin wasan nan mai shekara ɗari huɗu, na sarkin da aka tuɓe. Na gode wa 'yan wasa, na gode wa maɗaba'a, amma godiyar da ta fi yi mini nauyi ta mace guda ce.

Da farko, ga kuskurena. Kun san a dandalin nan, in sarki zai miƙa kambinsa, sai ya yi taku uku zuwa hagu ya tsaya. Haka muka gada. Shekara goma sha biyu ina nazarin takun nan, na rubuta babi guda cur, na ce sarki ƙaddararsa yake gudu. A kan babin nan jami'a za ta ba ni kujerar farfesa.

Na biyu, ga wadda ta cece ni. Saura mako guda a buga littafin, na je shan shayi wurin Winifred Pargeter, wadda ta shekara arba'in a bayan labule tana tuna wa 'yan wasa abin da suka manta. Na karanta mata babin ina hura hanci. Ta ajiye kofi ta ce, "Ɗan nan, ƙaddarar me? Rufi ne ke yoyo a wurin. Kakata ce ta rubuta takun da fensir a littafin aiki, kada kambin ya jiƙe, don na kwali ne. An gyara rufin tun ba a haife ka ba, ba wanda ya goge rubutun."

Na ce, "Inna Winifred, kin kashe ni."

Ta ce, "Sha shayinka. Gara ni da 'yan jarida."

Na ji kunya, na ji haushi, kwana uku ban gaishe ta ba. Sannan na yage babin. Kujerar ta wuce ni bana, amma sunana ya tsira. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na uku, roƙo ne. A al'adarmu, mai aikin bayan labule ba ya fitowa a tafa masa. Yau mu karya ta. Inna Winifred, taso ki hau dandalin nan. Ki tsaya a tsakiya, rufin ba ya yoyo yanzu.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya raya gidan nan, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.