Ƙwaya ta Uku

A kan bencin tasha, wani kafinta ya dafe kunci, ciwon haƙori ya hana shi sakat. Ya ɓallo ƙwaya ta uku zai jefa a baki, sai dattijuwar da ke gefensa ta riƙe masa hannu.

"Ɗana, ba yanzu ka sha biyu ba?"

"Mama, jabu aka sayar min. Minti goma ke nan, ko gezau."

"Ƙwaya ce fa, sai ta narke a ciki tukuna. Ka ba ta rabin awa. Wanda ake narkarwa a ruwa ya ɗan fi ta hanzari, amma ƙari ba ya ƙara sauri, hanta kawai yake ci."

"Ke likita ce?"

"Ina! Amma na ga zarto a jakarka. In ka shafa wa kujera gam, nan take kake zama a kai?"

Ya yi dariyar dole. Ya shiga yi mata bayanin gam da katako, tana ta ja masa musu da gangan, har kwandasta ya fara kiran fasinjoji. Sai ya taɓa kuncinsa.

"Ikon Allah! Mama, ya lafa. Allah Ya saka da alheri. A ina kika koyi wannan?"

"A bakin gadon maigidana, a asibiti. Shi bai samu mai riƙe masa hannu ba. In ka sauka, ka je a duba haƙorin nan."

Ya mayar da ƙwayar aljihu, ya ɗauki kayanta ya yi gaba.