Ɗakin da Aka Ce Ba Mai Shiga

Shugaban taro, Don Anacleto. Shugabar makarantarmu da malamai. Iyayena mata da iyayena maza, ina gaishe ku da girmamawa. Sunana Florinda Tzoc, 'yar aji ɗaya a sakandare. Na gode da kuka ba ni dama.

Yau za ku ɗaga hannu a kan Seño Marleny, malamarmu mai ba ɗalibai shawara: ko ta zauna, ko a sallame ta a zuba buhunan taki a ɗakinta, tunda an ce ba mai shiga. Ɗazu Don Anacleto ya ce, "Seño, faɗi sunan mutum ɗaya da kika taimaka, kowa ya huta." Ta ƙi faɗa, aka yi dariya.

Ni ina shiga. Mama, ki yafe mini, na ga kin rufe fuska da mayafi. Na san gobe a bakin famfo za a ce, "Ga 'yar ɗakin mahaukata nan, ku matsa mata!"

Tun da babana ya tsallaka iyakar ƙasa ya tafi Arewa neman aiki muka daina jin muryarsa, abinci ya daina shiga cikina. Sai na fara zuwa ɗakin Seño, a can na ga abin da aikinta yake bukata.

Na farko, kunne. Sau da yawa nakan zauna ban ce uffan ba, ita ma ba ta matsa mini, har maganar ta fito da kanta.

Na biyu, rashin raina mutane. Kakata Doña Eulalia ta ce firgita ce ta kore mini kurwa. Ranar da Seño ta zo gidanmu, ta tarar Kaka tana shafa mini ɗanyen ƙwai a jiki don kurwar ta dawo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kaka ta harare ta ta ce, "To 'yar boko, yi dariyarki ki gama." Seño ta karɓi kofin ruwan da za a fasa ƙwan a ciki ta riƙe mata, ta ce, "Kaka, ke ki kira kurwar ta dawo, ni in tambaye ta inda ta je."

Na uku shi ne wanda kuka yi wa dariya: riƙon sirri. Ta gwammace ta rasa aikinta da ta kunyata ɗan wani a gabanku.

Ta bayan tankin ruwa nake bi in shiga ɗakin don kada a gan ni. Ku je ku duba, ciyawa ba ta tsirowa a hanyar, kuma ba ƙafata kaɗai ta kashe ta ba. Kafin kowa ya ɗaga hannu, ya tuna wataƙila sawun ɗansa yana wurin.

Allah ya dawo mana da matafiyanmu, ya albarkaci gonakinku, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.