Laifin Harsashi

Muna zaune a tashar At-Bashi muna jiran motar Narin ta cika, sai wani tsohon makiyayi ya miƙa wa baƙon da ke gefensa wani kwali da harsashi ya huhhuda.

"Ka ce kai maharbi ne, ɗana, duba min. Dila na ta kwashe min 'yan tumaki, na kasa samunsa. Harsashin nan ya yi wa ƙaramar bindigata nauyi."

"Yana yiwuwa, Baba. In murɗin cikin bututun bai kai ba, mai nauyi ba ya juyawa sosai, sai ya tafi a karkace."

"Abin da nake gaya musu a gida ke nan. Su kuwa wai in je asibitin ido."

Baƙon ya ɗaga kwalin.

"Amma da haka ne, da hujin ya fito doguwar tsaga. Waɗannan kuwa a zagaye suke, tafin hannu ma zai rufe su duka."

"Ko in koma wa marar nauyi?"

"Kar ka canja komai. Mai harbi haka, dila ba ya wuce shi. Idonka garau yake."

Tsohon ya naɗe kwalin a hankali.

"Wannan na 'yata Gulzat ne."

"Naka fa?"

"Yana gida, lafiyarsa ƙalau, ko huji ɗaya babu. Uwarta ta toshe taga da shi."

Tsohon ya juyo wajenmu.

"Asibitin nan, da nisa daga tasha?"