Tabon Fatar Ido

A tashar Kazaure, shekarar ƙarin albashin Udoji, Ma'u mai man shanu ta tare wani siririn baƙo.

"Malam, ga sabon kaɗi."

"Likita ya hana ni, Inna. Wai kitse ya yi mini yawa a jini."

"Kai da kake kamar sillan kara?"

"Hantata ce ke haɗa shi da kanta, gado ne. Kin ga tabon nan ruwan ɗorawa a fatar idona? Shi ne alamar. Shi kitsen, zuciya yake kamawa."

Ma'u ta yi dariya. "Wannan ai ado ne! Duk dangin maigidana suna da shi, har ɗana Halliru."

"Maigidan yana lafiya?"

Ta rufe ƙwaryarta a hankali. "A gona ya faɗi, bai cika arba'in ba. Haka wansa." Ta sake duban tabon fatar idonsa. "Malam, ran yaushe likitan nan yake zama?"