Jirgin Malam Bukar Ya Sha Man Gyaɗa

Ɗan Azumi: Alo? Alo, Yamai? A ba ni Malam Bukar na buro, ofishin rabon hatsi. A ce masa direban jirgin ƙasan Damagaram ne ke kira.

Bukar: Ni ne Bukar. Damagaram ba ta da jirgin ƙasa, balle direba. Ɗan Azumi ne?

Ɗan Azumi: Shi ne, mijin yaya. Salamu alaikum.

Bukar: Wa alaikumus salam. Ina wuni?

Ɗan Azumi: Lafiya lau. Ina gajiya?

Bukar: Ba gajiya. Yaya gida? Yaya yayarka da yara?

Ɗan Azumi: Yaya Hajara lafiya ƙalau. Falmata ma tarin ya sake ta, har ta koma karatu a lakwal. Yaya baƙunta? Yaya aiki?

Bukar: Aiki da godiya. Kamyon dakon hatsi kaɗan, bakuna da yawa. An samu ruwa a wajenku?

Ɗan Azumi: Ko ɗigo. Shekaranjiya hadari ya haɗu ta wajen Zermu, har mata suka jera kwanuka a tsakar gida, iska ta zo ta kwashe shi. Mutanen Tirmini sun cika bakin kasuwa, wasu da jaki, wasu jakin ma babu.

Bukar: Allah ya kawo sauƙi.

Ɗan Azumi: Amin. Alo? Kana ji na?

Bukar: Ina ji. Hayaniyar me nake ji a bayanka?

Ɗan Azumi: Jama'a ce ta rako ni gidan waya. Mai unguwa Nomau na nan, da Mushe Zakari malamin lakwal, da Mai Nasara mai shayi, da rabin unguwa. Na ce musu su zo su ji yadda zan yi maka bayanin jirginka. Ka san akwatin wayar nan ba ƙofa, to duk sun zagaye ni.

Bukar: Jirgina? Makullin ɗakin na ba ka don ka share ƙura daga kan layin 'yan jiragen wasan nan, ka duba ƙafafun tabur ɗin da suke kai saboda gara. Ban ce ka taɓa jirgi ba.

Ɗan Azumi: Ai ƙarfe in ya daɗe a zaune lalacewa yake yi. Ran Juma'ar da ta wuce na tashe shi. Baƙin nan babba, wanda baturen lakwal ya bar maka, ba koren Kano ba, ba kuma ɗan jan nan mai ƙafa guntuwa ba. Na zuba alkol, ruwan nan mai kama wuta, a fitilarsa, na kunna, na jira ya tafasa, ya yi fito, ya ja wagunansa na kaya ya bi ta gadar, ya shige ramin duwatsun da ka jera, ya fito ta tashar gwangwanin sardin. Mai unguwa sai da ya cire hula. Ni da na tuƙa na gaske a Kano, wannan ai wasan yara ne.

Bukar: To madalla. Yanzu yana ina?

Ɗan Azumi: Yana hutawa. Gobe bayan la'asar zan sake tashinsa. Mushe Zakari zai kawo 'yan ajinsa, yaran da ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto.

Bukar: Tunda komai lafiya, sai mu yi sallama. Akwai masu jiran wayar nan.

Ɗan Azumi: Tsaya, tsaya. Akwai wata 'yar tambaya. Ba tawa ba ce. Wani mutum ne a Maraɗi yake da irin jirginka.

Bukar: Me ya sami muryarka? Kamar ka faɗa rijiya.

Ɗan Azumi: Layi ne. Na ce, mutumin Maraɗin nan, jirginsa ya yi zagaye kaɗan ya tsaya cak, ƙafafun sun ƙi juyawa. Me ake yi?

Bukar: Ya danganta da man da ya zuba. Nawa man tururi ne, mai kauri, a 'yar kwalba. Yana aljihun jakata a nan Yamai, don na san wanda na bar wa makulli. Shi wane mai ya zuba?

Ɗan Azumi: Mai dai.

Bukar: Ba na ji. Ɗaga murya.

Ɗan Azumi: Na ce mai ne mai kyau, sabon tatsa.

Bukar: Man inji ba a tatsarsa. Ɗaga murya, Ɗan Azumi, layin nan kamar ana suya a ciki.

Ɗan Azumi: Man gyaɗa.

Bukar: Man me?

Ɗan Azumi: Man gyaɗa! Ku kuma me kuke kallo? Labarin wani Bamaraɗe nake ba shi.

Bukar: A ina ya zuba?

Ɗan Azumi: A 'yar rijiyar man da ke gaba. Da ƙafafu. Da sandunan da ke tura ƙafafu. Da kan layi ma kaɗan, don ya ji daɗin tafiya. Ai da shi muke shafa wa amalanke da keken ɗinki, ban taɓa jin sun yi ƙorafi ba.

Bukar: Amalanke ba wuta a cikinta. Mutumin Maraɗin nan, yayarsa tana aure a gidana?

Ɗan Azumi: Alo? Layin ya fara...

Bukar: Layi lafiyarsa lau. Kyari shufer, direbanmu, ya iso jiya da kamyo, da saƙon yayarka a bakinsa. Ya ce da wuta ta kama man, ƙamshin suya ya fita ta taga ya bi lungu. Ya ce mutanen ƙauye da ke kwana a gindin katangar masallaci suka ji, suka ɗauka ana toya ƙosan sadaka a gidana, suka zo da ƙorai suka yi layi tun daga zaure har bakin famfo. Haka ne?

Ɗan Azumi: Kyari yana da ƙari a magana. Layin bai kai famfo ba.

Bukar: Ya ce ka leƙo ka ce musu jirgi ne. Wata tsohuwa ta ce ko jirgi ne a ɗiba mata kaɗan, jikanta bai ci komai ba tun jiya.

Ɗan Azumi: Wannan kam an yi.

Bukar: Yayarka ta ce ba za a ji ƙamshin abinci a gidanta a koma da ƙwarya wofi ba. Ta kwance buhun geron da na bar musu, ta dama kunu har ya ƙare.

Ɗan Azumi: Ta samu lada, mijin yaya. Ni ma da na jawo su ina da kaso.

Bukar: Geron ban yi baƙin cikinsa ba, ya shiga inda ya dace. Abin da ya dame ni, Kyari ya ce kana bin majalisa kana cewa ni na bar jirgin a lalace, kai ne kake gyara mini. Har ka ce kai ka koya mini kunna shi tun farko.

Ɗan Azumi: Raha ce. Ka san bakina.

Bukar: Na sani. To da bakin nan za ka gyara. Kana son in gaya maka yadda ake tayar da shi?

Ɗan Azumi: Don Allah. Yara za su zo gobe. Na riga na ce wa Mushe ya sa su wanke ƙafa.

Bukar: Faɗa mini halin da yake ciki, da ƙarfi, yadda mai unguwa zai ji.

Ɗan Azumi: Man ya daskare ya zama kamar ƙaro. Kiyashi sun shiga ta bututun hayaƙi, sun cika har ɗakin direba. Ɓera ya ci kwalin rufin tashar, inda man ya ɗiga.

Bukar: Wannan duk mai sauƙi ne. Kananzir da gashin kaza, a hankali, sai ya saki. In dai ba ka taɓa shi da wani abu ba.

Ɗan Azumi: To.

Bukar: Mene ne "to"?

Ɗan Azumi: Na ɗan wanke shi.

Bukar: Da me?

Ɗan Azumi: Yadda ake wanke tukunyar da ta yi maiƙo. Toka da ɗan yashi. Yanzu ba baƙi ba ne sosai, ya yi haske. Wasu ma sun ce ya fi kyau.

Bukar: Wannan Kyari bai faɗa mini ba. Fentin da ya zo da shi daga ƙasarsu ka kankare.

Ɗan Azumi: Gefe ɗaya ne. In ya bi ta hagu ba mai gani.

Bukar: Da wane ruwa ka ɗauraye?

Ɗan Azumi: Mai unguwa yana gaishe ka.

Bukar: Ina amsawa. Da wane ruwa?

Ɗan Azumi: Famfo bai kawo ba ranar. Na randa kuwa Yaya Hajara ta ce in na taɓa sai ta karya mini hannu. Sai na ga bido, jarkar nan, a ƙarƙashin tabur, cike da ruwa, ba mai amfani da shi.

Bukar: Saura nawa?

Ɗan Azumi: Bidon yana nan lafiya.

Bukar: Ruwan nake tambaya.

Ɗan Azumi: Toka tana cin ruwa, mijin yaya. Alo? Alo? Malam Bukar?

Bukar: Ina nan. Ruwan sama ne wannan. Na tare shi daga indararo a ruwan kirki na ƙarshe da aka yi, kafin shekarun nan su juya. Na tace shi da ƙyalle, ina ba jirgin da cokali. Tukunyarsa ba ta shan ruwan rijiyarmu, kanwa ce a ciki, tana toshe tiyo ta kashe shi. Ko da na yi zazzaɓi ban sha daga bidon nan ba.

Ɗan Azumi: Ban sani ba, wallahi. Na ɗauka ruwa ruwa ne.

Bukar: Ai shi ya sa na ce ƙura kawai.

Ɗan Azumi: To goben fa?

Bukar: Ba gobe. Ko an wanke man, jirgin nan ba zai tashi ba sai an yi ruwa. Ya bi sahun kowa, shi ma ya jira. Ba mai unguwa wayar.

Ɗan Azumi: Ai ba ya son waya, yana cewa tana sa masa...

Nomau: Kawo nan. Salamu alaikum, Malam Bukar. Nomau ne. Yaya Yamai?

Bukar: Lafiya lau, ranka ya daɗe. Yaya jama'a? Yaya haƙuri?

Nomau: Sai godiya. Ba sai ka maimaita ba, mun ji rabinsa, rabin kuma mun gani a fuskarsa. Bamaraɗen nan ma mun gane shi, ga shi yana goge gumi.

Bukar: Alfarma biyu nake roƙo. A karɓi makullin a kai wa mai ɗakina. A kuma ba Mushe Zakari haƙuri. Ya kawo yaran gobe duk da haka, su ga layi da gada da koren jirgin a tsaye, kada a ce musu su zo sannan a rufe musu ƙofa. Ranar da aka yi ruwan fari, a sa mini kwano a ƙarƙashin indararo. In na dawo ni zan tashe shi, su zo su gani.

Nomau: An gama. Makulli ga shi har ya shiga aljihuna. Amma jama'a na da tambaya. Mai Nasara ya ce shekara da shekaru yana ba mutumin nan shayi da kumfa biyu saboda direban jirgi ne. A Kanon, me ya tuƙa?

Bukar: Buhun gyaɗa, ranka ya daɗe. A ka, daga kamyo zuwa wagu. Ni na kai shi wajen sarkin 'yan dako da hannuna. Damina ɗaya ya...

Nomau: Alo? Malam Bukar?

Ɗan Azumi: Ba ni, ranka ya daɗe, ba ka iya riƙe ta ba. Alo, mijin yaya? Yauwa. Ina ji. A'a, ba komai, ba sai ka ba ni haƙuri ba, raha ce, na sani. Ku yi shiru mana, yana magana. E, zan gaya musu da wasa kake. Na gaya musu babban jirgin Nguru ne na...

Suma'ila mai haɗa layi: Ɗan Azumi, Yamai ta yanke tun wayar na hannun mai unguwa, ga igiyar a hannuna na zare. Ajiye, akwai mai kiran Agadas.